Yadda iyali za su baje kolin zane da aikin hannunsu a wuri ɗaya

A gidanmu na Garwa, a arewacin Kamaru, babu wanda ya taɓa shiga aji don koyon zane, amma kusan kowa yana da abin da hannunsa ya iya. Baba baduku ne, jaka da takalmi da kuben wuƙa ne aikinsa. Inna tana ɗinka faifai. Goggo, ƙanwar Baba, tana ƙona ƙwarya da wuƙa mai zafi har ta fito da zane kamar an yi da alƙalami. Yayata tana ɗinkin hula daga ɗakin aurenta, shi kuma autanmu tun yana firamare yake cika bayan kwalaye da zanen biro. Shekara da shekaru kayan nan suna fita ta hannun dillaliya da masu shago, mai saye bai san hannun da ya yi ba, mai yi kuma bai san nawa aka sayar ba. Sau biyu yanzu muna baje su a zaure da ƙofar gida, mutane suna zuwa suna gani suna saye. Karo na farko mun sha wuya, na biyu ya zo da sauƙi, kuma abin da na rubuta a nan daga tsakanin biyun ya fito.

Mataki na farko: a zauna a gama maganar kuɗi da ta suna

Kafin a sayi ƙusa ko ɗaya, a tara duk wanda kayansa za su shiga, har matan da ba za su fito wurin ba. Wannan zama shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne wanda iyali suka fi gudu, saboda maganar kuɗi tsakanin uba da ɗa ko tsakanin kishiyoyi tana da nauyi a baki. Mu mun tsallake shi a karon farko. Aka zuba cinikin kwana biyu a jaka ɗaya, aka biya mai benci da mai lemo daga ciki, da aka zo rabo babu wanda ya san kuɗin wa aka taɓa. Goggo ba ta ce komai ba, sai dai ta yi wata guda ba ta ɗora wuƙarta a wuta ba.

Abu huɗu za a yanke a rubuta a littafi. Na ɗaya, kuɗin kowane kaya na wanda ya yi shi ne, ko yaro ne. Na biyu, nawa za a cire daga kowane ciniki a zuba a asusun hidima; mu kashi 10 cikin 100 muka tsayar, ya kuma ishe mu domin ba mu biya kuɗin hayar wuri ba. Na uku, wa zai ba da kuɗin somawa, kuma ranta ya yi ko gudummawa ya bayar. A faɗi wannan a fili, don kada bayan an tashi wani ya ce ai bashi ne. Na huɗu, wa zai riƙe kuɗi, wa zai riƙe littafi. Kada su zama mutum ɗaya, ba don zargi ba, sai don kowannensu ya samu mai shaida.

Akwai kayan da hannu biyu suka yi. Jakar da Baba ya ɗinka, auta ya zana mata ado, ta wa ce? A raba tun yanzu, a ce kashi kaza na ɗinki, kashi kaza na zane.

Sai maganar suna. Amfanin baje koli a kan kai kaya kasuwa shi ne mai kallo ya san wanda ya yi. Amma ba kowace mace ce za ta so a kafe sunanta na yanka a bango maza suna karantawa ba, kuma akwai sunan da 'ya'ya ba sa faɗa don kunya. A tambayi kowa yadda yake so a rubuta shi. Da na tambayi Inna, cewa ta yi, “Kai dai rubuta Innar gida, wanda ya san gidan ai ya san ni.” Haka muka rubuta. Abin da ba a yi shi ne a haɗe aikin mata duka a ƙarƙashin sunan maigida.

Mataki na biyu: a fito da komai, sannan a rage

A shimfiɗa tabarma a tsakar gida da safe, kowa ya kawo duk abin da yake da shi, har wanda yake ganin bai kai ba. Sau da yawa mai koyon kansa ba ya gane aikinsa mafi kyau: auta ya ɓoye zanen kwale-kwalen masunta a bakin Binuwai da ya yi a tsaye cikin sauri, yana tura mana hoton wani ɗan ƙwallo da ya kwafa daga waya ya ɓata sati a kai. Na masuntan ne mutane suka fi tsayawa a gabansa. Abin da aka kwafa daga hoton wani a ajiye shi a gida, domin ba naka ba ne gaba ɗaya, kuma kowa ya riga ya gan shi a wayarsa.

Zaure madaidaici ba ya ɗaukar fiye da zane goma sha biyar zuwa ashirin da kayan hannu kamar talatin ba tare da ya koma shagon kasuwa ba. Don haka dole a rage, kuma ragewa tana da zafi. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce kowa ya zaɓi nasa guda biyar da ba za a taɓa masa ba, sauran kuma wani daga waje ya zaɓa, mutumin da ba ya jin nauyin kowa a gidan. Mu wani tela maƙwabcinmu muka kira, mai ido ne, kuma ba ya ɓoye magana. Abin da aka rage ba a yar da shi ba, a ajiye a ɗaki don cike gurbin wanda aka saya.

Ana cikin zaɓe a nemi zaren da ya ɗinke kayan. A gidanmu mun lura cewa dagin da yake kan hular Yaya shi ne a murfin jakar Baba, kuma layukan da Goggo take jerawa a bakin ƙwarya suna nan a gefen faifan Inna, ba tare da sun taɓa shawartar juna ba. Da muka jera su kusa da kusa, masu kallo da kansu suka riƙa nunawa. A wani gidan zaren zai iya zama launi, ko kogi, ko shanu, ko kayan ɗakin amarya. In an same shi, daga nan sunan baje kolin zai fito.

Abu biyu kuma a duba a wannan mataki. Zanen mai rai, mutum ko dabba, magana ce da malamai suka yi bayani a kai, kuma gidaje sun bambanta a yadda suke ɗaukarta. Kada a bari sai ranar buɗewa dattijo ya shigo ya juya. A tambayi malamin da gidan yake bi, a ji ra'ayin maigida, a tsaya a kan abu ɗaya. Mu mun sa zanen gine-gine, itatuwa, kasuwa daga nesa da zayyana a zaure, sauran kuma a cikin babban fayil a kan tebur, wanda ya so ya buɗa. In akwai allo mai zayyana da aya a jiki, a rataye shi sama da komai, nesa da takalma, kuma a san wanda za a sayar wa. Na biyun shi ne fatar namun daji. Jakar fatar kada ko ta mesa tana jan ido, amma dokar kare namun daji ta shafe ta, kuma baƙon da ya saya ba zai wuce da ita filin jirgi ba sai da takardun izini. Fatar akuya da ta tunkiya da ta saniya, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ta isa ta nuna gwanintar baduku.

Mataki na uku: lokaci, wuri da izini

Damina ba lokacin wannan aiki ba ce: takarda tana shan laima, fata tana fumfuna, hadari kuma yana iya tashi ana tsakiyar taro. Maris da Afrilu a Garwa da Marwa zafi yana haura digiri 40, babu mai tsayawa kallon zane. Abin da ya rage shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin sanyi, wanda kuma ya dace da shigowar kuɗin amfanin gona da na auduga. Ƙurar hunturu ce kawai matsalarsa, ita kuwa tsumma yana maganinta. A zaɓi ƙarshen wata, lokacin da ma'aikata suka karɓi albashi. In Sallah ta kusa, hula da takalmi za su tafi da kansu, amma kada a sa a cikin azumi da rana. A kauce wa ranar 11 ga Fabrairu, bikin matasa, domin gari duka yana wurin fareti. Kwana biyu sun isa, Asabar da Lahadi, ko a fara Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Wuri mafi arha shi ne zaurenku da rumfa a ƙofar gida, kuma ga karon farko shi na fi so, saboda mata suna iya leƙowa ta cikin gida, kaya kuma suna kwana a inda aka san su. In gidan yana cikin lungun da babur ma da ƙyar yake shiga, a nemi ajin makaranta a ranar hutu ko ɗakin taro na unguwa. A Garwa akwai Alliance Française, cibiyar harshe da al'adun Faransa, da take karɓar nune-nunen zane, akwai kuma cibiyoyin masu sana'ar hannu a manyan garuruwan arewa, wadda ta fi suna ita ce ta Marwa kusa da babbar kasuwa. Irin waɗannan wurare suna da tsarinsu da jerin masu jira, kuma za su so ganin hotunan aikinku tukuna, shi ya sa ya fi kyau a je musu bayan an yi na gida.

Da ɗan gari akan ci gari. A je wurin jauro ko lawan, wato mai unguwa, da goro a sanar da shi, in akwai Sarkin Hausawa a garin shi ma a kai masa gaisuwa. In taron zai fito titi ko a wurin jama'a za a yi shi, dokar Kamaru ta 1990 kan tarurruka ta ce a kai sanarwa a rubuce ofishin sufirefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankin, aƙalla kwana uku kafin ranar, a karɓo takardar shaida. Ku kai da mako guda a hannu, ku ajiye takardar a aljihun wanda zai tsaya a ƙofa. Tunda an shiga ofisoshi, a biya ta ma'aikatar magajin gari a yi rajistar masu sana'ar hannu, wadda dokar 2007 ta tanada. Ta wannan hanya ake zaɓen waɗanda suke zuwa SIARC, babban baje kolin sana'ar hannu da ake yi a Yawunde, ana farawa daga ƙaramar hukuma har zuwa jiha.

Mataki na huɗu: gyaran kaya

A nan ne yawancin kwanakin za su tafi, a ba shi mako uku.

Zane tukuna. Kowanne a ɗauke shi hoto kafin a rufe shi da komai: da hantsi, a inuwa, a shimfiɗe a kan farin yadi, waya a saitin tsakiyarsa ba a karkace ba, kuma ba tare da fitilar waya ba. Mai zanen ya sa hannu da shekara a kusurwar ƙasa, a baya kuma a rubuta lamba da fensir. Firam mai gilashi yana da tsada, ba kuma dole ba ne a yi wa duka. A zaɓi uku ko huɗu mafi kyau a kai wa kafinta, sauran a yi musu gado da kwali mai kauri. Yadda ake yi: a yanka kwali biyu da suka fi zanen girma da santimita 5 ta kowane gefe, ɗaya ya zama baya, ɗayan a huda masa taga da reza da rula ta ƙarfe, tagar ta ɗan fi zanen ƙanƙanta yadda za ta danne bakinsa. A lulluɓe na gaban da farar takarda ko farin yadi. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7, saboda haka kwalinta zai kama kusan 31 da 40.

Kada a manna zanen da gam, kada kuma a sa masa salatif. Mun yi wannan kuskuren, bayan wata shida salatif ɗin ya bar jan tabo a kusurwa huɗu, da muka ɓamɓare ya tafi da fatar takardar. A naɗe 'yan ƙananan takardu su zama aljihu mai kusurwa uku, a manna aljihun a jikin kwali, a zura kusurwoyin zanen a ciki. Haka zanen yana zaune daram, kuma ana iya zare shi lafiya. In an sa gilashi, kwalin tagar ne zai hana shi taɓa takardar. Zanen gawayi da na fensir mai laushi yana gogewa da ɗan yatsa. In an samu maganin fesawa na masu zane a kantin littattafai to, in babu a rufe shi da gilashi a huta. Tawadar biro kuwa rana ce abokiyar gabarta, tana koɗewa.

Ƙwarya a ƙwanƙwasa ta a kan baƙin yadi. In gari ya zubo, ƙwaro yana ciki, a ware ta a shanya a rana, kada ta kwana da sauran. A goge da busasshen tsumma kawai, mai yana kama ƙura. Kowace a yi mata gammo da tsumma ko kaba don ta zauna ba ta mirgina ba. Kayan fata iskar hunturu tana busar da su har su tsage, sai a shafa man kaɗanya kaɗan, amma a fara gwadawa a ciki inda ba a gani, domin yana duhunta launi. Jaka a cusa mata takarda ta tsaya da cikinta. Hula a kifa ƙoƙo a ɗora ta a kai, ɗinkin ya fito ta kowane gefe. Faifai a ɗaura masa ɗan zare a baya a rataye. Duk abin da aka gama a ɗora shi a kan tebur ko gado, kada ya kwana a ƙasa ko jingine da bangon ƙasa, gara ba ta neman izini.

Mataki na biyar: farashi

Mai aikin hannu a gida ya saba da kuɗin da dillaliya take ba shi, har ya ɗauka shi ne darajar kayan. Ba shi ba ne, ita ma sai ta ɗora nata. A yi lissafi daga tushe: kuɗin kayan aiki, da ladan lokacin da aka ɓata, da kason asusun hidima. A ce faifai ya ci kaba da rini na sefa 500, an yi kwana huɗu ana taɓa shi bayan an gama girki. In Inna ta ce ladan aikinta na kowace rana 500 ne, an samu 2,000, a haɗa da 500 na kaya ya zama 2,500, a ɗora kason hidima da ɗan abin ragi, sai a rubuta 3,000. Misali ne kawai, kowa ya sa alƙaluman garinsa. Daga nan a zaga kasuwa a ga nawa ake sayar da irinsa. In naku ya ninka na kasuwa, sai an iya nuna dalili a jikin kayan, ɗinki ya fi ƙanƙanta ko rini ba ya zuba.

Zane ya fi wuyar sa wa kuɗi, don babu irinsa a kasuwa da za a gwada. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi girma: duk na A4 kuɗi ɗaya, duk na A3 kuɗi ɗaya, mai firam a ƙara kuɗin firam. Kada a tsawwala a karon farko. Zane biyar da suka tafi gidaje biyar aka rataye su a falo sun fi amfani ga yaro a kan guda ɗaya mai tsada da ya dawo ɗaki. A kuma tanadi ƙananan abubuwa da ɗalibi ko mai babur zai iya saya, maƙalin makulli na fata, ƙaramin ludayi mai zane, zane mai girman tafin hannu.

Mutanenmu ba sa saye sai sun taya. Saboda haka kowane kaya ya zama yana da kuɗi biyu a littafi: wanda aka rubuta a jikinsa, da wanda in an sauka ƙasa da shi sai a ce albarka. Mai kayan ne zai faɗi na biyun, kuma babu mai sallamawa ƙasa da haka sai an tambaye shi, ko da Baba ne a kan kayan auta. Sai 'yan uwa da abokan arziki masu cewa a ba su za su kawo kuɗin. Ku shirya amsa ɗaya tun kafin ranar. Tamu ita ce, “Kawu, ba nawa ba ne, na Goggo ne, kuma littafi ne yake magana. In kun ba da kafin alƙalami sai mu ajiye muku.” Wanda mai shi ba ya son rabuwa da shi a rubuta masa “ba na sayarwa ba ne”.

Mataki na shida: jerawa

A yi shi ana gobe, ba da safiyar ranar ba. Garwa tana arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 9, don haka a Disamba da Janairu rana tana bi ta kudu. Bangon da yake fuskantar arewa yana wuni a inuwa, shi ne na zane. A ɗaure farin yadi a jikinsa, a ja igiya a tsayin santimita 150 daga ƙasa, tsakiyar kowane zane ya faɗa kan wannan layi, babba da ƙarami. Kusan kowa yana rataye zane sama da yadda ya kamata, har sai an ɗaga wuya. Tsakanin zane da zane a bar aƙalla tafin hannu biyu. Zana da asabari suna yi wa ƙwarya da faifai kyau a baya, amma suna cinye zanen biro.

Kada a ba kowa kusurwarsa kamar rumfunan kasuwa. A gauraya bisa zaren nan da aka gano, hula kusa da jakar da take da irin adonta, ƙwarya a ƙarƙashin zanen matan da suke tallar nono. Abin da ya fi kowanne ƙarfi a sa shi inda ido zai fara sauka daga ƙofa. Ƙananan kaya masu shiga aljihu su zauna kusa da mai littafi. A bar hanyar da mutum biyu za su gifta, a ajiye benci a waje don dattawa.

Kowane kaya da 'yar takardarsa: lamba, sunan mai yi, sunan aikin, abin da aka yi shi da shi, shekara, kuɗi. A rubuta da Hausa da Faransanci. A bakin ƙofa a kafe takarda ɗaya mai layi biyar ko shida da take faɗin su wane ne ku, wa ya koya wa wa. Nan ne za a rubuta cewa Goggo a wurin kakarta ta ga ana ƙona ƙwarya. Mutane suna karanta wannan fiye da yadda za ku zata.

Mataki na bakwai: gayya

Hoto ɗaya mai kyau, da rana, da lokaci, da kwatance, a tura ta WhatsApp da Facebook mako biyu kafin ranar, a sake turawa ana jibi. A yi saƙon murya da Hausa da Fillanci don waɗanda ba sa karatu. Manya kuwa ƙafa ake kai musu. A gayyaci malaman makarantun unguwa su zo da ɗalibai, da masu shagon kayan gargajiya, da masu otal, da masu koyar da zane a Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Mata su gayyaci mata ta hanyar biki da islamiyya da adashi, kuma a ware musu lokaci, misali safiyar Lahadi, wanda masu aikin za su fito su zauna da baƙinsu a sake. A namu, a wannan safiyar aka fi sayen faifai da ƙwarya. Kada a sa hoton fuskar kowa a intanet sai da yardarsa.

Mataki na takwas: ranar kanta

A yayyafa ruwa a ƙofar gida a share tun da asuba don ƙura ta kwanta. A buɗe da addu'a, mai unguwa ya yi magana kaɗan, a bar mutane su shiga. Ruwan sanyi da zoɓo, wanda a nan muke ce wa folere, su tsaya a waje, kofi ba ya shiga inda takarda take. Mutum huɗu ne a bakin aiki: mai tarba a ƙofa wanda yake jin Fillanci da Faransanci, mai zagayawa da baƙi, mai kuɗi, mai littafi. Yara za su zo da yawa kuma za su taɓa. Maimakon kora, a shimfiɗa musu tabarma a gefe da takarda da fensir.

Abin da ya fi tara mutane a namu shi ne Baba da ya zauna a bakin zaure da fatarsa da basillarsa yana ɗinki kamar kullum. Wani ma'aikaci da ya taya jaka da rabin kuɗinta ya tsaya yana kallon yadda ake huda fata ana zura zare ɗaya bayan ɗaya, da ya gama kallo ya biya yadda aka rubuta bai ƙara magana ba. In akwai wanda zai iya aiki a gaban jama'a, a ba shi wuri.

A tanadi canji tun ana jibi, ƙananan kuɗi suna wuya. A rubuta lambar Orange Money da ta MTN MoMo a kwali, kuma kada kaya su fita sai saƙon shigar kuɗi ya iso wayar mai karɓa, ba hoton da mai saye ya nuna a tasa ba. Baƙi daga Yola ko Mubi za su iya zuwa da naira, a tambayi 'yan canji farashin ranar da safe a rubuta. Abin da aka saya a liƙa masa jan ɗigo a takardarsa, a roƙi mai shi ya bari sai an tashi ya ɗauka, don kada bango ya yi giɓi. Wanda ya zo daga nesa a ba shi nasa, a cike gurbin daga ɗaki. Mai sayen zane ya sani takardar ya saya, ba izinin buga ta a riga ko kalanda ba, wannan haƙƙi yana wurin mai zanen a dokar haƙƙin mallaka ta 2000. Lokacin salla a sakaya ƙofa, mutum ɗaya ya tsaya. Kafin magariba a rufe, a lulluɓe komai da yadi, a ƙirga kaya da littafi a daren.

Mataki na tara: bayan an tashi

Rabon kuɗi kada ya wuce kwana biyu. A zauna yadda aka zauna da farko, mai littafi ya karanta lamba da lamba, mai kuɗi ya ƙirga, a fitar da na hidima, a mayar wa wanda ya ranta, kowa a damƙa masa nasa a hannu. Na Yaya a kai mata har ɗakinta tare da takardar lissafi. In asusun hidima ya yi saura, a bar shi jarin karo na gaba, in ya gaza a raba giɓin daidai da cinikin kowa. A koma wurin mai unguwa da maƙwabtan da aka tare wa hanya a yi godiya.

Sai a buɗe shafin baya na littafin, inda mai tarba ya riƙa rubuta lambar wayar duk wanda ya ce a yi masa irin kaza. A namu na biyu, aikin da aka yi oda ya fi abin da aka sayar a wurin yawa. A kira su cikin mako guda tun abin yana ransu, a faɗi ranar gamawa da gaskiya, a karɓi rabin kuɗi kafin a yanka fata ko a sayi zare. Zanen da bai tafi ba a zare shi daga kwali, a jera a fayil da farar takarda tsakanin kowane biyu, a ɗora a saman kabad. Kwalayen tagar kuma a ɗaure su wuri ɗaya a rubuta girmansu a gefe, za su sake aiki baɗi.